SARƘA BA TA RABA YARO DA ƘWAYA: DARASI DAGA ƘWAƘWALWAR ƁERA

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa tashar Unguwa Uku da ke kan hanyar Zariya ya san cewa tun kafin gari ya waye wurin ya riga ya farka. 'Yan kamasho suna kiran Zariya da Kaduna da Abuja, masu shayi sun hura wuta, yaran mota suna ɗaure kaya, 'yan dako suna ta kai da kawowa. Mafi yawan waɗannan bayin Allah masu neman halaliyarsu ne, da guminsu suke ciyar da iyali. Amma kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a nan, kamar sauran tashoshi da kasuwannin Kano, akwai samarin da ba sa iya kama aikin yini sai sun haɗiyi ƙwaya, ba sa kuma iya runtsawa da dare sai sun kwankwaɗi kwalba.

A gidaje da yawa na Unguwa Uku da Gyadi-Gyadi da Tarauni da Darmanawa, labarin iri ɗaya ne. Uwa ta yi faɗa har ta gaji ta koma kuka. Uba ya yi duka, ƙanen uba ya kai ƙara wurin 'yan sanda, an tsare yaro an sake shi, ya rantse a gaban manya cewa ya daina, bayan kwana goma sai a same shi inda aka saba samunsa. Daga nan sai a yanke hukunci cewa yaron nan taurin kai ne da shi, ba ya jin magana sai an ɗaure shi. Wannan hukunci kuwa kuskure ne, kuma abin mamaki, wanda ya fi kowa tona kuskuren shi ne farin ɓeran da masana kimiyya suka shekara saba'in suna gwaji da shi.

Girman Matsalar

A watan Janairun 2019 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, suka fitar da sakamakon wani babban bincike. Sakamakon ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani kayan maye, ban da giya da taba, a cikin shekara guda kafin binciken. Daga cikinsu miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe zafi irin su tiramadol da kodin ba da izinin likita ba, miliyan 2.4 kuma maganin tari suka mayar kayan maye. A Jihar Kano an ƙiyasta kashi 16 cikin ɗari, watau fiye da mutum miliyan ɗaya. Har wa yau binciken ya nuna cewa a cikin kowane mutum huɗu masu shan, ɗaya mace ce.

Ba za a ce hukuma ta naɗe hannu ba. A ƙarƙashin doka mai lamba 20 ta 1984, an harbe mutum uku a Ikko a watan Afrilun 1985 saboda miyagun ƙwayoyi. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA. Ran 1 ga Mayun 2018, bayan wani fim ɗin bincike na BBC da ya nuna ɓarnar da kodin ke yi wa matasan Kano, Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigowa da shi. Amma a watan Fabrairun 2025 wani binciken na BBC ya nuna yadda ake shigo da wata ƙwayar dabam, mai ɗauke da tafentadol, daga Indiya zuwa ƙasashen Afirka ta Yamma, ciki har da Nijeriya. Idan aka toshe wannan rami sai ruwa ya ɓullo ta wancan, gama mai nema yana nan bai daina nema ba. To, mene ne yake sa shi nema haka, ko da ya ga ɓarnar da abin yake yi masa?

Ɓeran Da Ya Ƙi Abinci

A shekarar 1954, a Jami'ar McGill da ke birnin Montreal ta ƙasar Kanada, masana biyu, James Olds da Peter Milner, suka sa wata siririyar waya a cikin ƙwaƙwalwar ɓera. Sai suka lura cewa idan suka tura masa 'yar wutar lantarki kaɗan yana wani lungu na akwati, sai ya riƙa komawa wannan lungu. Daga nan suka sa masa wani ɗan mataki wanda idan ya taka, shi da kansa zai tura wa ƙwaƙwalwarsa wutar. Ɓera ya yi ta takawa, sau ɗaruruwa har dubbai a cikin awa ɗaya. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa wasu ɓeraye masu jin yunwa sukan bar abinci a gabansu su ci gaba da taka matakin, wasu kuma sukan tsallaka daɓen ƙarfe mai jan wuta a ƙafa domin su isa gare shi.

Abin da aka fahimta shi ne, a cikin ƙwaƙwalwa akwai wata hanya ta musamman wadda aikinta shi ne ta ce wa dabba: wannan abin da ka yi yana da kyau, maimaita shi. Ita ce take sa mai ƙishirwa ya nemi randa, uwa ta nemi ɗanta. Duk abin da ya taɓa wannan hanya, dabba za ta koyi yinsa, ta kuma nace masa.

A 1962 wani masani mai suna James Weeks, a Amurka, ya haɗa ɗan bututu da jijiyar jinin ɓera ta yadda idan ya taka mataki zai yi wa kansa allurar mofin, watau babban maganin kashe zafi da ake samu daga itacen da ake yin heroyin. Ɓeraye suka riƙa yi wa kansu allura, kuma da aka rage ƙarfin maganin sai suka ƙara yawan takawa domin su cike giɓin. Babu mugun aboki a cikin akwatin nan, babu rashin tarbiyya, babu mai talla. Maganin kaɗai ya isa.

Mabuɗi Da Kwaɗo

Sai tambaya ta taso: me ya sa ruwan wani tsiro zai yi irin wannan iko a kan ƙwaƙwalwar dabba? A 1973 Candace Pert da Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins, da wasu masana a wurare dabam a shekarar, suka nuna cewa a jikin ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa akwai wasu gurabe da mofin yake shiga daidai wa daida, kamar yadda mabuɗi yake shiga kwaɗo. Masana suka ce ai ba a yin kwaɗo domin mabuɗin ɓarawo, lalle akwai mabuɗin mai gida. Aka dukufa nemansa.

A 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz, a birnin Aberdeen na ƙasar Sikotilan, suka samo shi daga ƙwaƙwalwar alade, suka sa masa suna enkefalin. A 1976 Choh Hao Li na Jami'ar Kalifoniya ya samo wani ɗan'uwansa daga wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar raƙumi, shi ne ake kira bita-endofin. A 1979 kuma Avram Goldstein ya bayyana na uku, dainofin.

Waɗannan duka suna cikin dangin sinadaran da ake kira niyurofeftaid, watau 'yan saƙon da ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa suke aika wa juna. Mai karatu zai iya ɗaukarsu kamar duwatsun ado da aka jera a zare. Abin da ake kira furotin doguwar jera ce mai ɗaruruwan duwatsu, shi kuwa feftaid gajeriya ce. Enkefalin duwatsu 5 ne kacal, bita-endofin 31. An san irinsu da yawa a ƙwaƙwalwa, kowanne da saƙonsa, wani na yunwa, wani na barci, wani na tsoro, wani na daɗi.

A 1977 James Belluzzi da Larry Stein suka nuna cewa ɓera zai taka mataki domin a zuba masa enkefalin a cikin ƙwaƙwalwa, kamar dai yadda yake yi wa mofin. Suka kuma nuna cewa idan aka ba shi naloksan, maganin da yake toshe bakin kwaɗon, sai ya rage taka matakin wutar nan ta Olds da Milner. Ashe jiki yana da ladansa da yake biyan kansa. Ɗan kaɗan yake fitarwa, a wurin da ake bukata, a lokacin da ya dace, sa'an nan a rushe shi nan da nan.

Akwai wani sinadari kuma mai suna dofamin, wanda ba ya cikin dangin feftaid, amma tare suke aiki. A wani gurbi a gindin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin halitta masu fitar da dofamin, kuma akwai wasu da suke danne su kamar yadda direba yake ɗora ƙafa a kan birki. Idan endofin ko mofin ya zo, sai ya ɗage ƙafar nan daga birki, dofamin ya kwarara. Duk direban Unguwa Uku ya san abin da ke faruwa ga motar da aka sakar wa birki a gangara.

Nan ne kodin da tiramadol suke shigowa. Idan mutum ya sha kodin, hantarsa takan juya wani sashe nasa zuwa mofin. Tiramadol ma hanta takan juya shi zuwa wani sinadari mai buɗe wannan kwaɗo. Likita yakan ba da miligiram 50 ko 100 ga mai ciwo, amma waɗanda jami'ai suke kamawa a tasoshin jiragen ruwa da kan hanya sau da yawa masu 200 ne da 225 da 250. Ɗan dako ko yaron mota da ya sha, gajiya da ciwon baya za su tafi, ya ji kamar zai iya ɗaukar dutse. Bai san cewa mabuɗin jabu ya sa wa kwaɗonsa ba, mabuɗin da ba ya fita da wuri, yana kuma buɗe dukan ƙofofi a lokaci ɗaya.

Nema Dabam, Daɗi Dabam

Iyaye sukan yi mamakin jin yaro ya ce shi fa yanzu ba ya jin wani daɗin abin, amma ba ya iya bari. Sukan ɗauka ƙarya yake yi. Kent Berridge na Jami'ar Michigan da abokan aikinsa sun nuna cewa gaskiya yake faɗa. Ɓera idan aka ɗiga masa ruwan sukari a baki yakan riƙa lasar leɓe, kamar yadda jariri yake yi, kuma masana suna ƙirga wannan lasa domin su auna daɗin da ya ji. Da aka kawar da kusan dukan dofamin ɗin ƙwaƙwalwar ɓera, sai ya daina neman abinci sam, ko yana gabansa, amma idan aka ɗiga masa sukari yana lasar leɓe kamar da. A 2005 kuma Susana Peciña da Berridge suka gano wani ɗan gurbi a ƙwaƙwalwar ɓera wanda bai wuce kan allura ba, inda idan aka ɗiga sinadari irin su endofin, lasar leɓen takan ninku.

Ma'anar wannan ita ce, jin daɗin abu da naci wajen nemansa ba hanya ɗaya suke bi ba. Da yawan shan ƙwaya, hanyar daɗi takan dakushe, shi ya sa ƙwaya ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma sashe guda. Ita kuwa hanyar nema ƙara kaifi take yi. Sai a wayi gari yaro yana sayar da wayarsa, yana ɗaukar kuɗin adashin uwarsa, domin abin da ya daɗe da daina yi masa daɗi.

Bulalar Da Ke Cikin Kai

Wannan shi ne sashen da ya kamata duk mai riƙe da bulala ko sarƙa ya tsaya ya karanta da kyau. A 1981 Wylie Vale na cibiyar Salk a Kalifoniya ya ware wani feftaid mai duwatsu 41 daga ƙwaƙwalwar tumaki, ana kiransa CRF. Shi ne mai buga gangar tashin hankali a jiki idan dabba ta shiga tsoro ko wahala. George Koob da abokan aikinsa a cibiyar Scripps sun nuna cewa idan ɓeran da ya saba da giya ko mofin ko hodar iblis ya rasa, CRF yakan ƙaru a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro, ɓera ya shiga fargaba, ya maƙale a lungu. Shi ma dainofin, ko da yake ɗan'uwan endofin ne, aikinsa kishiyar nasa ne, yakan ƙaru ga mai yawan sha, yana danne dofamin, yana kawo ƙunci da baƙin rai. Saboda haka mai shan da ya yi nisa yana sha ne domin ya tsere wa azabar da ke cikin kansa, zancen nishaɗi ya daɗe da wucewa.

A 1995, a birnin Montreal, Yavin Shaham da Jane Stewart suka yi wani gwaji wanda ya shafi gidajen Kano kai tsaye. Suka koya wa ɓeraye yi wa kansu allurar heroyin, sa'an nan suka yanke maganin har ɓerayen suka gaji suka daina taka matakin. A idon mai kallo sun shiryu. Sai aka ba su wahala ta 'yan mintoci, aka riƙa jan su da wuta a ƙafa. Nan take suka koma taka matakin, kamar dai an ɗanɗana musu heroyin ɗin. Da aka maimaita gwajin bayan an ba su maganin da yake toshe aikin CRF, sai komawar ta ragu.

Idan haka ne, uban da yake dukan ɗansa domin ya raba shi da ƙwaya, cikin rashin sani yana zuba wa wutar fetur ne. Haka nan gidajen mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, yara da manya, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya, kuma a watan Oktoba aka sami irin wannan a Daura. Yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, domin sun rasa inda za su sa kansu. Ba za a zarge su da rashin ƙauna ba. Amma sarƙa tana hana ƙafa tafiya ne kawai, abin da ke cikin kai kuwa tana ƙara masa ƙarfi.

Daɗin daɗawa, akwai wani hatsarin da iyaye da yawa ba su sani ba. Wanda aka tsare na wasu watanni, jikinsa ya manta da ƙarfin ƙwayar da ya saba. Ran da ya fito ya sha adadin da yake sha a da, numfashinsa yana iya tsayawa. Wani bincike da aka buga a 2007 game da fursunonin da aka saki a jihar Washington ta Amurka ya nuna cewa a mako biyun farko bayan fita, hatsarin mutuwa saboda ƙwaya ta yi yawa ya ninka na sauran jama'a fiye da sau ɗari.

Wuri Da Abokai

Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma ɓera ya ƙara wa wannan magana bayani. A 1998 aka gano wani feftaid mai suna oreksin, wanda yake hana barci ya kuma motsa sha'awar abinci. A 2005 Glenda Harris da Gary Aston-Jones da abokin aikinsu suka nuna cewa idan an saba ba ɓera mofin a wani ɗaki, ganin ɗakin kawai yakan tayar da ƙwayoyin halitta masu fitar da oreksin, kuma gwargwadon tashinsu gwargwadon yadda ɓera yake son zama a ɗakin. Ko bayan ya manta da ɗakin, idan aka motsa oreksin sai ya koma. Yaron da ya yi wata uku a ƙauye ba ya sha, ran da ya sauka a tasha ya ga bencin da suka saba zama, ya ji warin wurin, ya ga abokan nan, ƙwaƙwalwarsa ta riga shi yanke shawara.

Sauƙin samu ma yana da nasa aiki. A 1998 Serge Ahmed da George Koob suka ba wasu ɓeraye damar shan hodar iblis na awa ɗaya a kullum, wasu kuma awa shida. Na awa ɗaya suka tsaya a kan abin da suka saba, na awa shida kuwa kullum sai sun ƙara. Unguwar da ake samun tiramadol a kowane lungu dare da rana, akwatin awa shida ce.

Amma akwai labari mai sanyaya zuciya. A ƙarshen shekarun 1970 Bruce Alexander na Jami'ar Simon Fraser a Kanada ya ga cewa ɓerayen da aka ajiye tare a fili mai wurin wasa sun sha ruwan mofin ƙasa da waɗanda aka kulle ɗai-ɗai, ko da yake waɗansu da suka maimaita gwajin ba su sami daidai abin da ya samu ba. A 2018 Marco Venniro da Yavin Shaham suka yi gwajin da ya fi wannan tsafta. Suka ba ɓeran da ya riga ya kamu zaɓi tsakanin mataki biyu, ɗaya na heroyin ko wata ƙwayar, ɗaya kuma mai buɗe ƙofa ya sadu da ɗan'uwansa ɓera na ɗan lokaci. Kusan kullum ɗan'uwansa yake zaɓa. Sai dai idan aka jinkirta buɗe ƙofar da yawa, ko aka haɗa ta da azaba, nan ne ya koma wa ƙwaya. Iyalin da suka daina cin abinci da yaro, suka daina amsa gaisuwarsa, sun rufe masa wannan ƙofa, sun bar masa mataki ɗaya tak.

Ɓera Ba Mutum Ba Ne

Wani zai ce ai ɓera dabba ce, ɗan Adam kuwa yana da hankali da addini da kunya, kuma idan aka ce shaye-shaye ciwo ne an ba 'yan ƙwaya uzuri ke nan. Wannan magana tana da nauyi, kuma ba duk abin da ya ci a kan ɓera yake ci a kan mutum ba. Magungunan toshe CRF da suka yi aiki a kan ɓeraye, da aka gwada su a kan masu shan giya a Amurka, sakamakon da aka buga a 2015 da 2016 ya nuna ba su rage musu sha'awar giya ba. Amma a wasu wurare mutum ya gaskata ɓera. Lee Robins ta bi sawun sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Biyetnam a 1971, inda kusan ɗaya cikin biyar ya kamu da heroyin, ta tarar cewa a shekarar farko bayan sun koma gida, kimanin kashi 5 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake kamuwa. Sun bar wurin, sun bar tsoron, sun koma cikin iyali.

Batun uzuri kuwa, babu wanda ya ce haɗiyar farko ba laifi ba ce, ko kuwa mai sata domin ƙwaya kada ya fuskanci shari'a. Wanda ya yi gudun wuce sa'a ya karye, laifinsa ne, amma duk da haka wurin maɗori ake kai shi, ba a ƙara masa da kulki. Sanin yadda ciwo yake aiki yana ƙara wa mai shi nauyin neman magani ne, yana kuma nuna wa dangi inda za su sa ƙarfinsu.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Da fari, ƙarfin hukuma ya tafi kan masu shigowa da kaya da manyan dillalai, gama su ne suke mayar da unguwa akwatin awa shida. A 2024 aka tilasta wa masu sayar da magani na Sabon Gari komawa sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro, a kan wannan hanya ta Zariya. Amfanin tara su wuri ɗaya shi ne a san abin da ya shiga da wanda ya fita da shi. Wajibi ne NAFDAC da NDLEA da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna su bi sawun kowane kwali har zuwa kemis ɗin cikin lungu da mai tallar magani a faranti.

Na biyu, magani ya matso kusa da jama'a. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan a Gyadi-Gyadi, tafiyar 'yan mintoci daga tashar Unguwa Uku, da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin Dawanau. Amma iyaye da yawa suna ganin zuwa can tamkar shelar cewa ɗansu ya haukace ne. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da Ƙaramar Hukumar Tarauni su horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa yadda za su karɓi mai shan ƙwaya cikin sirri, su tura shi inda ya dace. Akwai magungunan da aka gina a kan ilmin kwaɗon nan: metadon da bufurenofin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin magungunan dole tun 2005, suna kwantar da azabar rashin sha har mutum ya iya komawa aiki, naltireksan yana toshe kwaɗon, naloksan kuwa yana farfaɗo da wanda ƙwaya ta tsayar wa numfashi. Wanda ya yi nisa da tiramadol kada a yanke masa rana ɗaya a gida, a bar likita ya rage masa a hankali.

Na uku, a aiwatar da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma kare mutuncin marar lafiya. Duk gidan da yake karɓar yara da sunan gyaran hali, hukuma ta san da shi, likita ya riƙa shiga, mari da bulala su fita.

Na huɗu kuwa ba ya bukatar kasafin kuɗi. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tasha sun san yaransu ɗaya bayan ɗaya, sun san wanda yake yin sawu biyu zuwa Abuja ba barci. Su tsayar da lokacin hutu, kuma yaron da ya dawo daga jinya a canza masa wurin aiki da abokan zama, kada a mayar da shi kan bencin da ya bari. Masu unguwanni da limamai da masu sana'a, kafinta da bakanike da tela, kowa ya ɗauki yaro ɗaya. A gida kuma a bar masa gurbinsa a bakin kwano. Idan ya zame ya koma, a sake kai shi wurin likita, gama ciwon da ya shekara biyar yana shiga ba ya fita a wata ɗaya.

Uwar da ke Unguwa Uku wadda ta kwana tana sauraren motsin ƙofa, tana da haƙƙin a gaya mata gaskiya: ɗanta bai zama dutse ba, kuma akwai hanyar da ta fi sarƙa. Allah Ya shirya matasa, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya ba shugabanni ikon yin abin da ya dace, amin.